Ranar Da Aka Tafa Wa Gawa

Shekara goma sha tara mai gyaran agogo ya yi yana mutuwa, kuma ko sau ɗaya bai taɓa mutuwa a kan lokaci ba. Abin kunya ne wannan ga mutumin da abincinsa ke cikin daidaita lokaci, amma hali zanen dutse. A shagonsa, kai masa agogon da ke latti da minti ɗaya, sai ya bi ka da wani kallo kamar ka bar ɗanka da yunwa. Ranar Asabar kuwa, in ya ja ƙofar shago ya hau dandamalin ƙungiyar wasan kwaikwayo ta unguwarsu, shi da lokaci sai ka ce ba su taɓa gaisawa ba.

Shi ne mai mutuwar ƙungiyar. Duk wasan da aka rubuta, in akwai wanda za a soka, ko a harbe, ko a ba guba, to nasa ne, ba a ma tambaya. Inda gizo ke saƙar shi ne ba ya gamawa. Zai dafe ƙirji, ya ja numfashi har maɓallan rigarsa su nemi agaji, ya kwarara "Wayyo ni!", ya yi tangaɗi hagu, ya dawo dama, ya zube. Mai jan labule ya kama igiya ke nan, sai mamaci ya ɗago kai, ya tuna bai bar wa jikoki wasiyya ba. Jikokin nan babu su a rubutun wasan, shi ya haife su nan take. An taɓa auna masa da agogon da shi kansa ya gyara, aka samu minti goma sha ɗaya daga suka zuwa cikawa. Wata shekara har wata tsohuwa ta ɗaga murya daga kujerun baya ta ce, "Bawan Allah, ka mutu mana, na bar tukunya a wuta!" Daga ranar aka laƙaba masa Gawa-ta-ƙi-rami. Da sunan ya yi wa baki tsawo, aka gutsure shi ya koma Gawa.

Kada a ɗauka bai san dariya ake yi masa ba. Ya sani sarai, kuma tana yi masa ciwo. Abin da yake nema tun ranar farko guda ɗaya ne: ya faɗi, zaure ya yi tsit, sannan tafi ya ɓarke, irin tafin nan da ake yi da ƙwalla a ido. Duk sanda ya faɗi bai ji shi ba, sai ya ga kamar shi ne bai cika aiki ba, ya tashi ya ƙara. Da haka mutuwar take yin tsawo.

Wata Juma'a da yamma Darakta ya shigo shagon. Daraktan nan ɗan ƙanwar Gawa ne, malamin makaranta, bara ya karɓi ragamar ƙungiyar. Ya zauna a benci, ya gaida kawunsa, ya tambayi lafiyar gida, ya sake tambayar lafiyar gida, ya tsaya yana ƙare wa agogunan bango kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗan ƙanwata, faɗi abin da ke tafe da kai," in ji Gawa, gilashin aiki maƙale a idonsa. "Agogonka ne ya tsaya?"

"Ƙalau yake, Kawu. Maganar alƙali ce."

Sabon wasan da suke shiryawa labarin wani tsohon alƙali ne da aka zuba wa guba a shayi. Yana mutuwa a kan teburin cin abinci a ƙarshen kashi na farko, sauran wasan duka neman wanda ya yi aikin ne. Alƙalin, ba sai an faɗa ba, Gawa ne.

"Kawu, ka yi min aikin gafara. Wasan nan na asiri ne. Mutane za su zauna awa guda suna tunanin wa ya kashe ka. Makon jiya kana cikin mutuwa ka nuna shi da yatsa, har ka kira sunan mahaifinsa."

"Ai raɗaɗin guba ne."

"Na sani. Amma gobe ne gwajin ƙarshe, wata Asabar kuma mutane za su cika zaure. Minti ɗaya na ba ka, Kawu. Zan riƙe agogo a hannu. In ka wuce ko da sakan ɗaya ne, Dogo zai sa rigar alƙali."

Gawa ya cire gilashin daga ido a hankali. Dogo! Dogo mai aski, wanda in an ce ya mutu sai ya faɗi tim kamar buhu, ko "wash" ba ya cewa. Shekara shida Dogo yana tsaye a gefen dandamali yana haɗiyar yawu a kan mutuwar mutane.

"Yanzu ni za ka tsige? Ni da na goya ka?"

"Shi ya sa na zo da kaina, Kawu, ban aiko ba."

Da yaron ya fita, Gawa ya zauna cikin agoguna arba'in, kowane yana ta ƙirga masa sakan. Tsoro ya kama shi sosai. In aka karɓe mutuwar nan, ba shi da wani abu a ƙungiyar, don ba ya iya waƙa, ba ya iya soyayya, ko saƙo aka ba shi ya kai a wasa sai ya ƙara masa gishiri.

Da safiyar Asabar ya mutu sau bakwai a tsakar falo. Matarsa ce ke riƙe da agogo da hannu ɗaya, ɗayan yana kan keken ɗinki. Ita ce telar ƙungiyar, duk rigar da aka sa a dandamalin nan daga hannunta ta fito. Almakashi ake ce mata a bayan idonta, rabi don sana'a, rabi don baki. Ta sha faɗa cewa babu macen da mijinta ya mutu sau da yawa kamarta, kuma har yau ko cokali ba ta gada ba.

"Minti nawa, Maman yara?"

"Huɗu da rabi."

"Ai na cire wasiyya!"

"Ka cire wasiyya, ka sa yafe wa maƙwabta. Tashi ka ci abinci, Malam, matacce ma da ƙarfinsa yake tafiya."

Bai ci ba. Ya ce cikinsa a ɗaure yake. Ta rufe kwanon ta ce in ya gama mutuwa yana nan yana jiransa.

Zauren taron unguwar dogon ɗaki ne mai kujerun roba da fanka guda biyu, ɗaya tana juyawa, ɗaya tana tunani. Ƙarfe uku na rana 'yan ƙungiya su wajen ashirin suka zauna a layin gaba a matsayin 'yan kallo. Almakashi ta shige wurinta na kullum, bayan labulen gefe, kan wata kujera mai gurguwar ƙafa, kwandon zare a cinya. Ba ta kallon wasa, sai dai ta ji da kunne tana ɗinki. Ita ta sa wa mijinta baƙar rigar alƙali, ta cusa masa tumbin auduga da ta ɗinka masa a ƙarƙashi, don Gawa siriri ne kuma Darakta ya ce alƙalin da ake so mai tumbi ne.

A kan tebur akwai kofin shayi da faranti, a farantin kuma ya kamata a ce akwai tuffar roba. An neme ta sama da ƙasa ba a gani ba. Sai mai gyaran famfo, wanda ke fitowa a matsayin likita a wasan, ya buɗe jakarsa ya ciro tuffa ta gaske, ja, mai sheƙi, ya ajiye.

"A yi da wannan, amma a bar min rabi," in ji shi.

Aka fara. Alƙali ya zauna, ya kurɓi shayi, ya ɗauki tuffa. A ƙa'ida kai ta bakinsa kawai zai yi. Amma mutumin da bai karya ba, bai ci na rana ba, ga abu mai sanyi da ƙamshi a leɓensa, haƙoran ba su yi shawara da shi ba. Suka gatsa, kuma gatsar ba ta wasa ba. Daidai nan Darakta ya ɗaga agogo sama ya danna.

"Fara!"

Minti ɗaya ba shi da wurin tauna. Gawa ya ga in ya tsaya tauna, sakan goma sun tafi a banza, ya ce bari ya tura lomar gefen kunci ya yi "Wayyo" ɗinsa tukuna. Ya dafe ƙirji, ya buɗe baki, ya ja wannan shahararren numfashi nasa na shekara goma sha tara.

Tuffar ta bi numfashin ta wuce.

Da farko mamaki ya yi. Ya nemi "Wayyo", babu. Ya nemi tari, ƙirjin ya motsa amma ko ɗan sauti bai fito ba. Ya ja iska, iska ta ƙi shiga, kamar an toshe kwalba da murfi. Ya miƙe zumbur, kujera ta kife a bayansa. Hannuwansa biyu suka tafi wuyansa da kansu.

"Kai!" in ji Darakta ƙasa-ƙasa. "Ku duba Kawu."

Gawa ya buga tebur da tafin hannu. Kofi ya yi tsalle ya fashe. Ya nuna maƙogwaronsa da yatsa, ya sake nunawa, idanunsa sun firfito, hawaye na zuba.

"Haka! Haka, Kawu! Kar ka ce komai! Ku ga yadda yake nuna inda gubar ta bi!"

Wata daga cikin 'yan wasan ta dafe baki. Dogo mai aski ya saki baki yana kallo, yana ganin rigar alƙali tana yi masa nisa. Mai gyaran famfo kuwa, da ya ga abu ya yi kyau haka, ya ce kada a bar shi a baya. Ya shigo da farar rigarsa da abin awon ƙirji a wuya tun kafin lokacinsa, ya kama hannun alƙali, ya dubi sama, ya girgiza kai.

"Sai haƙuri," ya ce da babbar murya. "Rai ya yi halinsa."

Gawa ya caɓe masa wuyan riga da hannu biyu yana jijjiga shi.

"Saki mana, Gawa," in ji mai famfo ta gefen baki. "Ka mutu ai. Faɗi kawai."

Sai tafi ya ɓarke. Mutum ashirin suka miƙe tsaye, suna tafi, wani yana fito, Darakta yana share ido da bayan hannu. Ga shi nan, abin da ya nema shekara goma sha tara, ya zo masa har gida. Kuma don a san ɗan Adam abin tausayi ne, sai da wani lungu na zuciyar Gawa ya ji daɗi, na ƙiftawar ido ɗaya. Daga nan zauren ya fara duhu daga gefe-gefe, tafin ya koma kamar daga cikin rijiya yake fitowa, ya gane cewa mutuwa zai yi a gaban mutum ashirin masu ƙaunarsa, suna yi masa barka. Gwiwoyinsa suka fara saki. Ya juya kansa wajen labulen gefe.

Kwando ya faɗi. Zare ya watse, ja da fari da baƙi, yana gangarawa ko'ina a dandamali.

"Malam! Za ka iya tari? Yi magana!" Almakashi ce, ta faɗo dandamali a guje.

Ya girgiza kai.

"Ɗan nan, kira motar asibiti!"

"Inna, don Allah," in ji Darakta, "muna tsakiyar..."

"Kira, ko in ɗinke maka baki! Shaƙewa ya yi!"

Ta tsaya a gefensa ta ɗan baya, ta tare ƙirjinsa da hannun hagu, ta sunkuyar da shi gaba har kansa ya yi ƙasa da kafaɗunsa. Ta ɗaga hannun dama, ta sauke masa tudun tafin hannu a tsakanin kafaɗu. Duka ne na mace mai jan keken ɗinki shekara talatin.

"Ɗaya! Biyu!"

Tafin ya mutu a hannun mutane. Dogo ya ruga ya dawo da kofin ruwa yana zubarwa a hanya.

"Uku! Kai Dogo, ruwan ta ina zai bi? Matsa! Huɗu! Biyar!"

Ta leƙa bakinsa, babu komai. Mai famfo ya naɗe hannun riga ya miƙo yatsa.

"Bari in zaƙulo, Inna, aikina ne."

"Wannan ba bututu ba ne! Ƙara tura shi za ka yi. Janye min hannunka!"

Ta koma bayansa, ta zagaye cikinsa da hannuwa biyu, ta dunƙule ɗaya ta riƙe shi da ɗayan, ta fizgo. Hannun ya nutse cikin laushi, ko gezau Gawa bai yi ba. Tumbin auduga ne, nata na kanta, wanda ta kwana biyu tana cusawa. Ta ja tsaki, ta ɗaga rigar alƙali a gaban kowa, ta kama bakin zaren da ta san inda ta ƙulle shi, ta finciko tumbin gaba ɗaya ta yi jifa da shi. Ya sauka a kan Darakta, wanda ke ta ihu a waya yana kwatancen zauren.

Ta sake zagaye shi. Ta lalubi cibiyarsa, ta ɗora dunƙulen hannu a ɗan samanta, ƙasa da inda haƙarƙari suka haɗu, ta fizgo ciki da sama da ƙarfi. Ƙafafun Gawa suka bar ƙasa. Ta sake. A na uku wani abu ya yi fit daga bakinsa, ya ƙetare tebur, ya faɗa tsulum a kofin ruwan da ke hannun Dogo.

Iskar da ta shiga ƙirjin Gawa ta yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ya yi tari, ya ƙara, ya durƙusa yana tari, yawu da hawaye da majina duk sun haɗu. Bai taɓa sanin iska tana da daɗi haka ba. Iskar zauren nan ce mai warin fenti da tsohon labule, amma ji ya yi kamar ya ɗebe ta a kwano ya kai gida. Aka kewaye shi. Ya ɗago kai, ya nemi ɗan ƙanwarsa da ido, ya buɗe baki da wata 'yar murya a shaƙe.

"Minti... nawa?"

Darakta ya dubi agogon da ke hannunsa.

"Sakan hamsin da biyu, Kawu. Kafin Inna ta shigo."

Wa zai iya riƙe kansa? Mai famfo ne ya fara, ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya yana kuka. Dogo yana dariya yana leƙa kofi, ya rasa inda zai ajiye shi. Darakta ya rungume tumbin auduga yana ta cewa, "Na tafa masa, wallahi na tafa masa, me zan gaya wa Mama?" Gawa kansa yana dariya, tana jawo masa tari, tarin yana jawo dariya. Mai famfo ya ce shi dai a ba shi rabin tuffarsa, aka ce ga ta can a kofin Dogo. Almakashi kaɗai ba ta yi dariya ba, tana tsaye tana haki, tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya.

"Ku ashirin," ta ce. "Har da likita."

Da motar asibiti ta iso Gawa ya ce shi ya warke, ba inda za shi. Ta ce wanda aka matsa wa ciki irin haka sai an duba shi, ko da yana rawa ne, ta tura shi ciki. A asibiti aka latsa nan, aka saurari can, aka ce babu abin da ya karye, aka ce kuma ya gode wa wanda ya yi masa wannan aiki, don da an tsaya neman ruwa da labari ya sha bamban.

Suka fito rana ta yi sanyi, suka taka a ƙafa zuwa tashar mota. Bayansa na zafi, cikinsa na zafi, amma ji yake kamar ya yi tsalle. Ya gaida mai sayar da jarida da bai sani ba. Ya tsaya ya gaya wa wani mai gadi cewa agogonsa na latti da minti uku, ya kawo gobe a gyara masa kyauta.

"Maman yara, a ina kika koyi dambe?"

"Shekara goma sha biyu ina ɗinka wa makarantar renon yara kaya, ka manta? Duk shekara ma'aikaciyar jinya na zuwa da mutum-mutumin roba ta tara mu, har masu shara. Biyar a baya, biyar a ciki, in bai fito ba a sake. Na sha gaya maka, kana can kana haddar wasiyya."

"To, amma ta yaya kika gane? Mutum ashirin suna kallo ba su gane ba, ke da ko kallo ba kya yi."

Ta yi 'yan taku, sannan ta ce:

"Shirun ne ya fara sa na ɗago kai. Tunda nake ban taɓa jin ka mutu baki rufe ba. Amma ko a nan na ce ƙila yaron nan ne ya tsorata ka." Ta gyara riƙon jakarta. "Sai ka juyo. Kai in kana wasa, Malam, mutane kake kallo, kana leƙen wa ya yi kuka. Yau ni ka kalla."

Ya karɓi jakar ya riƙe mata.

Washegari Darakta ya zo gida da 'ya'yan itace a leda, ya tsaya a bakin ƙofa ya tuna, ya cire tuffa daga ciki ya sa a aljihu. Ya ba da haƙuri har sau uku. Sannan ya ce rigar alƙali ta Kawu ce, babu mai taɓa ta, in dai zai yi kamar na jiya. An ma ga tuffar roba, ashe tana cikin aljihun farar rigar likita tun makon jiya.

Mako guda Gawa ya yi yana gwadawa a shago, yana kallon fuskarsa a gilashin babban agogon bango. Ya tuna yadda hannuwa suka tafi wuya, yadda ya buga tebur, yadda gwiwa ta saki. Duk ya haɗa su, ya auna, sakan hamsin. Bai gaya wa kowa yadda zai rufe ba, ya bar wannan a ransa, yana murmushi shi kaɗai kamar wanda ya tsinci kuɗi a tsohon wando.

Ranar wasa zaure ya cika har ana tsayuwa a jikin bango. Almakashi ta ɗauki tuffar roba da hannunta, ta ƙwanƙwasa ta a tebur, ta gatsa don ta tabbata, ta ajiye a faranti, ta koma bayan labulenta. Da alƙali ya fito, mutane suka fara gyara zama suna murmushi, don sun san shi. Wani ya ce wa na kusa da shi yanzu za a daɗe.

Ya kurɓi shayi. Ya kai tuffa baki ya ajiye. Ya buɗe baki, bai ce komai ba. Ya miƙe, kujera ta kife, hannuwa suka tafi wuya. Murmushin mutane ya fara bajewa. Ya buga tebur. Wata mata ta jawo ɗanta jikinta. Zauren nan mai mutum ɗari uku ya yi tsit, har ana jin kukan fanka mai aiki. Gawa ya ji shirun a fatar jikinsa, ya san ga tafin nan tafe, sakan goma suka rage tsakaninsa da shi. Saura abu ɗaya, abin da ya ɓoye, wanda ya san shi ne gishirin mutuwar. Ya saki gwiwa, ya juya kai wajen labulen gefe, ya yi mata kallon nan.

Kwando ya faɗi.

Kafin ya ankara an sunkuyar da shi, duka ya sauka a tsakanin kafaɗunsa, daidai inda na makon jiya bai gama warkewa ba.

"Ɗaya!"

"Maman yara," ya ce cikin raɗa, "wasa ne."

"Biyu!"

"Wayyo! Wasa ne, wallahi wasa ne!"

Zaure ya kece da dariya. Mutane suna buga kujeru, suna riƙe ciki, wani ya faɗo daga kan benci. Mai famfo ya leƙo da farar rigarsa, ya ga babu wurin likita a nan, ya koma. Darakta ya zauna a matakalar dandamali ya rufe fuska da takardun wasa.

Ita kuwa ba ta ji ko ɗaya ba. Ta juyo da shi, ta riƙe fuskarsa da hannu biyu. Hannuwan sun yi sanyi ƙalau.

"Yi tari."

Ya yi.

"Ƙara."

Ya ƙara. Ya ce, "Ai ta roba ce. Ke kika ajiye ta."

"Na sani. Ni na ajiye ta." Muryarta ta yi ƙasa, shi kaɗai ke ji a cikin hayaniyar nan, hawaye na bin kuncinta ba ta share ba. "Amma ka kalle ni. Malam, kada ka ƙara yi min wannan kallon da wasa. In ka saba min da shi, ranar da abin ya zama gaske zan zauna in ci gaba da ɗinkina."

Gawa ya dubi zauren. Dariya ce dai, irin wadda ya saba. Ya san ya iya yanzu, ya ɗanɗana shirun da kunnensa. Gobe akwai wani wasan, wata Asabar ma akwai, in ya lallashe ta ta zauna a gida, ko ta juya baya, tafin nan nasa ne. Ya sake duban hannuwan da ke riƙe da fuskarsa, kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa.

Ya kwance igiyar baƙar rigar, ya cire ta. Ya ciro tumbin auduga ya ɗora a kan rigar. Ya juya wajen ɗaya labulen, inda wani dogon mutum ke tsaye yana cizon yatsa.

"Dogo," ya ce da ƙarfi, kowa na ji. "Zo ka mutu."

Aka sake kecewa da dariya, Dogo ya fito yana tuntuɓe, yana cusa tumbi ta gefen da ba daidai ba. Gawa bai tsaya ya ga yadda za ta kaya ba. Yana can durƙushe a bayan labule yana tsince mata zare ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a kwando, ita kuma tana zaune a gurguwar kujerarta ta damƙe bayan rigarsa da hannu ɗaya, ba ta sake shi ba har aka tashi.